Babbar sifika mai jin magana: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a gidan Abuja?

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan kayan lantarki na Wuse 2, ko Banex ko Emab, ya san yadda ake tallan wannan kaya. Mai shago zai ɗora wata dunƙulalliyar sifika a kan kanta, ya kira ta da sunanta, fitila ta haska a samanta, ya ce ta sa kiɗa. Kafin ka ankara bes ya cika shagon, gilashin kantar har rawa yake yi. Nan take rai ya biya. Sai dai a wannan lokacin shagon yana da wuta, yana da intanet mai ƙarfi, kuma mai shagon ya san waƙar da ta fi fito da kyan sifikar da kalmomin da ba ta kuskurewa. Falonka na Kubwa ko Lugbe ko Gwarinpa ba haka yake ba, alhali can za ta je ta zauna.

Guda uku aka fi tambaya a kansu idan ana maganar masu tsada. Akwai HomePod ta Apple, fitowa ta biyu, wadda aka saki a 2023 kan dala 299. Akwai Echo Studio ta Amazon, wadda ta fara fitowa a 2019 kan dala 200. Sai Sonos Era 300, ita ma ta 2023, kan dala 449. Wannan farashin Amurka ne na ranar fitowa. Kafin ta iso hannunka sai ka buga da canjin ranar a kasuwar 'yan canji ta Zone 4, ka ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribar mai shago.

Abu na farko da mai saye zai rarrabe shi ne kaya biyu ake haɗa masa a kwali ɗaya: sauti da basira. Sautin yana cikin akwatin, ƙarfe ne da maganaɗisu da waya, idan ka biya ya zama naka. Basirar kuwa, irin Alexa ta Amazon da Siri ta Apple masu amsa magana, ba a cikin akwatin take ba. Idan ka yi magana makirufo ya ɗauka, a tura ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, can a gane abin da kake nufi a dawo da amsa. Saboda haka Alexa da ke cikin Echo Dot ta dala 50 ita ce dai ke cikin Echo Studio, haka Siri ta HomePod mini mai dala 99 ita ce ta babbar. Ƙarin kuɗin na kunne ne zalla. Wanda ke neman abin da zai faɗa masa lokaci, ya kunna fitila, ya tuna masa da shan magani, ƙaramar ta ishe shi.

Abin da kunne zai samu

A nan kam babu gardama, suna da sauti. HomePod tana da babban mazugi ɗaya mai faɗin inci 4 da ke kallon sama don bes, da ƙanana biyar da suka zagaye gindinta don siririn sauti. Nauyinta kilo 2.3. Tana auna ɗakin da kanta, idan ka ɗaga ta ka canza mata wuri sai ta sake aunawa ba tare da ka taɓa komai ba. Muryar mutum ce ta fi yi mata kyau: karatun Alƙur'ani da aka ɗauka a situdiyo yana fita a cike, ana jin numfashin mai karatu da tsawon madda, kuma ko an rage ƙara sosai da dare kalmomin ba sa dusashewa. Aibinta shi ne ba ta ba ka damar gyara sautin yadda kake so. Abu ɗaya ne kawai a manhajar Home, na rage bes.

Echo Studio ta 2019 ta fi ta jiki, kilo 3.5, da mazugin bes na inci 5.25 mai kallon ƙasa, da matsakaita uku na inci 2 masu harba hagu da dama da sama, da ƙarami ɗaya na inci 1 a gaba. Ta fi ƙara, ta fi girgiza tebur, amma bes ɗinta kan danne murya idan an bar ta yadda ta zo. Sa'ar ita ce manhajar Alexa tana da ma'auni uku, na bes da na tsakiya da na sama, kuma rage bes da mataki biyu ko uku yana gyara mafi yawan abin. Amazon ta fitar da sabuwar Echo Studio ƙarama mai siffar ƙwallo a ƙarshen 2025, don haka ka tabbatar wacce ake nuna maka, domin bayanin nan na tsohuwar ne.

Era 300 ce ta fi su buɗe ɗaki. Mazugi shida ne a cikinta, biyu na bes a gefe da gefe, huɗu na siririn sauti masu kallon gaba da hagu da dama da sama. Idan ta samu waƙar da aka haɗa da Dolby Atmos, tsarin sauti mai zagaye mai sauraro, za ka ji kamar kiɗan ya fi akwatin faɗi nesa ba kusa ba. Amma a lura da kyau: Atmos ba ya wucewa ta Bluetooth, sai ta Wi-Fi daga Apple Music ko Amazon Music, kuma Spotify ba ta da shi. Wanda Spotify ce hanyarsa ya biya kuɗin abin da ba zai ji ba.

Ga kuma maganar da mai shago ba ya kawowa. Me za ka riƙa saurara a kanta? Idan mafi yawansa tafsirin da aka ɗauka da waya a sahun baya na masallaci ne, ko waƙar da ta zagaya rukunin WhatsApp goma kowa yana matse ta, to sifika mai kyau ba za ta gyara su ba. Tona musu asiri za ta yi. Ƙarar fanka, tarin jama'a, shuuu ɗin da ƙaramar sifikar waya ke ɓoyewa, duk za su fito fili. Sifika ba ta ƙara abin da babu a cikin abin da aka ɗauka.

Shi kansa falon yana da nasa rabon. Ginin da aka fi yi a Abuja tayil ne a ƙasa, silin POP a sama, manyan tagogin gilashi, bango mai santsi. Babu abin da ke shanye sauti, sai ya yi ta karo da bango yana dawowa. Gwajin ba shi da wuya: tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wata wutsiyar kuwwa ta biyo baya, to kafet mai kauri da labule mai nauyi da kujerun yadi za su gyara maka sauti fiye da ƙarin dala ɗari a kan sifika. A manyan benaye irin na Guzape da Maitama, inda silin falo ya kai hawa biyu, mazugin da ke harba sauti sama ba ya samun abin da zai dawo masa da shi a kusa, sai amfaninsa ya ragu.

Wurin ajiye ta ma ba wasa ba ne. Kada a cusa ta cikin ramin kabad ɗin talabijin, kada a matse ta a kusurwa, domin bes zai kumbura ya zama gurnani. Echo Studio tana son aƙalla santimita 15 tsakaninta da bango. Era 300 tana son sarari kamar santimita 60 a samanta da santimita 20 a kowane gefe, kuma bayan an ajiye ta sai a shiga manhajar Sonos a yi mata awon ɗaki da ake kira Trueplay, a sake yi duk sanda aka juya kujeru. HomePod kuwa ta fi son kusa da bango, cikin santimita 25. Idan ana son hagu da dama na gaske sai an haɗa biyu, kuma dole su zama iri ɗaya: fitowa ta biyu ba ta haɗuwa da ta farko, babba ba ta haɗuwa da mini. Lissafi ya koma dala 598 ke nan.

Wuta da data

Babu ɗaya a cikin ukun nan da ke da batir. Wannan shi ne babban abin da zai yanke hukunci a yawancin gidaje, kuma shi mutane suka fi mantawa, saboda sifikokin Bluetooth sun saba musu da caji. An ɗauke wuta, ta mutu nan take. Ka duba yadda abin ke faruwa da misalin ƙarfe takwas na dare: falo ya yi duhu, karatun da ke tashi ya yanke a tsakiyar aya, a tayar da janareto, a juya canji. Sifika ta farka kafin rauta, wato na'urar Wi-Fi, domin rauta tana bukatar minti ɗaya ko biyu kafin ta kamo sabis. Ka yi mata magana ta ce ba ta samu intanet ba. Idan wuta ta yi haka sau huɗu a yini, cikin mako biyu mutanen gida za su daina kiran ta. Ko masu layin Band A, da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana tun Afrilun 2024, suna da sauran awa huɗu da ba a lamunce musu ba. Don haka kada wanda ya dogara da ita don tashin sahur ko asuba sai tana kan inbata.

Cin wutarta ba shi ne damuwa ba. A zaune 'yan watt kaɗan take ja, kuma kowane watt ɗaya da ya kwana ya wuni a kunne yunit 0.72 ne kacal a wata. Damuwar ita ce irin wutar. A sa ta da rauta a layin inbata, kuma inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta, ba irin mai arha da ke sa fanka kuka ba, don waccan tana sa wasu kayan sauti gunji kuma tana dumama su. Gidan da babu inbata, ƙaramar UPS ta kwamfuta mai 650VA za ta riƙe sifikar da rauta har a tayar da janareto. Rauta ita kaɗai kuma akwai ƙaramin batir da ake yi mata, sai a duba bayanta a ga ko volt 12 take ci ko 9 kafin a saya. Tsakanin soket da sifika a sa na'urar kariya irin wadda ake kira TV Guard, mai yanke wuta idan ta hau ko ta faɗi, ta kuma ɗan jira kafin ta sake saki. Dawowar wuta da ƙarfi, da tsawar farkon damina, su ne ke ƙona allon wutar waɗannan kaya, kuma ba irin allon da kowane mai gyara ke da shi a aljihun tebur ba ne.

A duba rubutun da ke ƙasanta ko jikin wayarta. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Amurka 120. Idan an rubuta 100-240V babu matsala, kuma HomePod da Era 300 haka suke. Idan 120V kawai aka rubuta, sakawa ɗaya za ta kashe ta. Wadda ta zo da kan filogin Amurka mai siraran ƙafafu biyu, a sai mata adafta mai kyau mai fiyus. A daina cusa makulli ko murfin biro a ramin sama na soket don a tura filogin da ƙarfi, domin yana zama sakwa-sakwa, yana tartsatsi, sifika tana mutuwa tana tashi ba a san dalili ba.

Sai data. Ga lissafin Apple da kanta: waƙar minti uku tana cin megabait 6 a inganci na yau da kullum, amma 36 a wanda suke kira Lossless. Wato megabait 120 a awa, ko kuma 720. Gidan da ke saurare awa huɗu kullum zai ci gigabait 14 da ɗoriya a wata a na farkon, kusan 86 a na biyun. Mutane da yawa sun zargi yara da shanye datar gida alhali sifika ce. A HomePod ana kashe Lossless ne a manhajar Home, cikin saitin gida, ƙarƙashin sunan mai asusun, a sashen Apple Music. Spotify a matakin ingancinta na 320 tana cin kimanin megabait 144 a awa. A ɗora kuɗin wata na manhajar kiɗan a kai, domin ba tare da shi ba rabin umarnin murya ba shi da abin da zai ɗauko.

Ba ta kama FM, ba ta kama gajeren zango. Dattijon da ya saba murɗa rediyo ya ji labaran safe na BBC Hausa ko DW ko RFI ya sani cewa a nan sai tashar tana watsawa ta intanet, kuma kowace awa data ce.

Wi-Fi ɗin gida ma yana da nasa sharuɗɗa. Sonos ta rubuta a ƙa'idojinta cewa ba ta lamunce aiki da hotspot na waya ba, ko rauta mai layin waya, ko na'urar ƙara nisan Wi-Fi, ko irin Wi-Fi na otal da sai an shiga wani shafi an sa lamba. To rauta mai layin MTN ko Airtel ita ce a gidaje da yawa a nan. Sau da yawa tana aiki lafiya, amma ranar da ta ƙi ba ka da wanda za ka riƙe. Idan manhaja ta ce ba ta ga sifika ba, abubuwa uku ake fara dubawa: ko waya da sifika suna kan Wi-Fi ɗaya, ko rauta ta kunna saitin da ke hana na'urori ganin juna, ko kuma an sa sifikar a layin baƙi. Bangon bulo da kankare yana cinye zangon Wi-Fi na 5GHz da sauri, don haka idan akwai bango biyu tsakanin rauta da sifika a bar ta a 2.4GHz, ya fi ratsa gini. Gidan da ke da faiba ko Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ya fi dacewa da wannan kaya.

Ba ta jin Hausa

Siri ba ta jin Hausa, Alexa ma haka, kuma na'urar muryar Sonos Turanci da Faransanci take ji. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne a gidan da Hajiya ce ta fi zama a falo. Ita ce ta fi kowa bukatar abin da za a yi wa magana ba sai an lalubi ƙananan rubutu a waya ba, kuma ita ce ba za ta iya sarrafa ta ba. 'Yan makaranta su za su fi morar ta.

Mai jin Turancin ma zai yi karo da ita wajen sunaye. Umarni irin na ƙara sauti, tsaya, sa ƙararrawa, tana kamawa da lafazinmu ba wahala. Amma ka kira sunan mawaƙin Hausa ko malamin tafsiri, musamman mai ƙ ko ɗ ko ts a ciki, sai ta ɗauko maka wani Bature mai suna kusa da haka. Dabarar da ke aiki ita ce ka tara abin da kake so a jeri ɗaya a manhajar kiɗanka, ka ba jerin gajeren suna na Turanci, kalma ɗaya ko biyu, ka riƙa kiran sa da wannan. Fankar sama a lamba ta ƙarshe da ƙarar janareton maƙwabci suna rage mata ji, don haka kada a ajiye ta daidai ƙarƙashin fanka ko jikin tagar da ke kallon ɗakin janareto.

A sa mata adireshin Abuja a saiti, in ba haka ba za ta riƙa faɗin lokaci da yanayin wani gari. A Echo, ƙasar da aka rubuta a asusun Amazon ita ke yanke waɗanne manhajojin kiɗa za su bayyana. Lokutan salla kuma suna motsawa cikin shekara, ƙararrawar da aka kafe a minti ɗaya za ta kauce bayan 'yan makonni. Magariba ce ke da sauƙi, tunda manhajar Home da ta Alexa duk suna iya ɗaura aiki da faɗuwar rana, har a ƙara ko a rage mintuna. Wannan tunatarwa ce kawai, ladanin unguwa shi ne abin bi.

Tambaya mafi muhimmanci kafin a taɓa HomePod: wace waya ce a gidan? Sai da iPhone ko iPad ake saita ta. Ba ta karɓar kiɗa ta Bluetooth, ba ta da ramin saka waya ko ɗaya. Mai Tecno ko Infinix ko Samsung ba shi da hanyar kai tsaye ta tura mata abin da ke cikin wayarsa, ko daga Audiomack ne ko Boomplay ko katin memori. Maigida yana da iPhone, uwargida da yara suna Android, to sifikar ta maigida ce shi kaɗai. Spotify ma a kanta wayar ce ke turawa, ba ita ke ɗaukowa da kanta ba. Era 300 ta fi buɗe ƙofa: Bluetooth, AirPlay (hanyar tura sauti ta Apple), Wi-Fi 6, da ramin USB-C da ke karɓar wayar sauti idan an sayi adaftarsa daban. Echo Studio ta 2019 tana da Bluetooth da rami ɗaya da ke karɓar wayar 3.5mm ko ta haske.

Masu son ta don kallon ƙwallo a DStv su dakata. HomePod ba ta haɗuwa da talabijin kai tsaye, sai da akwatin Apple TV 4K, kuma idan ana son sautin dikoda ya bi ta cikinta sai akwatin ya zama fitowa ta biyu ko sama, a jona shi a ramin HDMI mai alamar ARC ko eARC. Era 300 ba ta da HDMI, kuma sautin da ya shiga ta wayar sauti yana jinkirin aƙalla milisakan 75, wanda ya isa a ga baki ya riga murya. Don talabijin, doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashinsa ita aka yi wa aikin.

Batun kunna fitila da esi da murya a taƙaice: yawancin makunnan da ke kasuwarmu na Tuya ne ko Sonoff, suna tafiya da Alexa, amma ba sa shiga tsarin Apple sai mai alamar Matter ko HomeKit. Da yawansu suna bukatar wayar nutiral a ramin makunni, wadda a gidaje da yawa ba a ja ta zuwa can ba, don haka a kira mai aikin wuta ya buɗe ɗaya ya duba kafin a sayo dozin. Duk wannan kuma ƙaramar sifika tana yin mafi yawansa.

Akwai maganar sirri, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Makirufonta a buɗe yake kullum yana jiran sunanta, kuma takan yi kuskure ta farka a kan kalmar da ta yi kama. A 2019 ya fito fili cewa Amazon da Apple da Google suna da ma'aikatan da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin da aka ɗauka don gyara tsarin. A farkon 2025 Apple ta amince ta biya dala miliyan 95 don rufe wata ƙara a kan Siri, ba tare da ta amsa laifi ba. Falon Bahaushe wurin sulhun aure ne da rabon gado da maganar bashi, kuma baƙon da ya zauna bai san akwai kunne a kan tebur ba. Era 300 tana da makunni a baya da ke yanke wa makirufo wuta gaba ɗaya. Echo tana da maɓalli a sama, idan an danna fitilarta ta koma ja. HomePod ba ta da maɓallin hannu, sai ta manhaja ko a gaya mata ta daina saurare. Ɗakin kwana dai ba wurinta ba ne.

Sannan kaya ne da ransa ke hannun kamfani. Tsohuwar rediyo mai kaset tana aiki bayan shekara talatin, wannan kuwa sai manhajarta na da lafiya. Google ta daina yin Home Max a 2020, Apple ta dakatar da HomePod ta farko a 2021. A Mayun 2024 Sonos ta sauya manhajarta, abubuwa da dama suka lalace wa masu amfani na tsawon watanni, har shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya sauka a Janairun 2025. Shi ya sa wadda ke da Bluetooth ko ramin waya ta fi kwanciyar hankali: ko basirar ta tafi, sautin yana nan.

To wa ya kamata ya saya? Wanda ke da inbata, da intanet marar ƙidaya, da kuɗin wata na manhajar kiɗa, kuma yana zama ya saurara da gaske, ba wai a bar abu yana tashi ana hira ba. A wurinsa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Idan gidan duk Apple ne, HomePod. Idan wayoyin a gauraye suke, Era 300, ko ƙanwarta Era 100 da ta fito kan dala 249, wadda ke da waɗannan ƙofofin duka ban da Atmos, kuma ta wadatar da matsakaicin falo. Echo Studio ta fi dacewa da mai son ƙara da kuɗi kaɗan, wanda ya riga ya saba da Alexa.

Wanda ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya kuɓuce masa, musamman wuta, bai kamata ya saya ba. Ya raba kuɗin biyu ya fi masa. Ƙaramar Echo Dot ko HomePod mini don magana, da sifika mai batir don sauraro, irin JBL Charge 5 mai kaiwa awa 20, wadda za ta bi shi tsakar gida da gona da tafiyar Sallah. Mai son sautin zama kuma ya duba tagwayen sifikokin katako masu amfilifaya a ciki, irin Edifier R1280DB, masu Bluetooth da ramin wayar haske na talabijin. Suna ba da hagu da dama na gaske, kuma ba su kai rabin kuɗin Era 300 ba. Idan kuwa lallai ana son basira da batir a jiki ɗaya, Sonos Move 2 ce amsar, ta fito kan dala 449, batir har awa 24, kuma an yi ta da kariyar ƙura da yayyafi.

A wurin saye kada a yarda da waƙar mai shago. Ka je da wayarka da abu uku da ka sani sarai: karatu ko jawabi, waƙa mai kalangu ko ganga, da wani abu mai sanyi. Ka rage ƙara zuwa yadda za ka ji da dare, nan ake gane mai kyau, ba a ƙarshen maɓalli ba. Ka sa a saita ta da asusunka a gabanka. Ka tambayi waranti a fili, na shago ne ko na kamfani, wata nawa, a rubuta a rasit tare da lambar jikin sifikar, domin yawancinsu 'yan kasuwa ne ke shigo da su daga Dubai ko Ingila ko Amurka.

Ta hannu tana bukatar ƙarin ido. A HomePod, lambar A1639 ta farko ce ta 2018, A2825 ita ce ta biyu, kuma wayar wutar ta biyun tana zarewa cikin sauƙi. Ana goge bayanan tsohon mai ita haka: a zare wuta, a jira daƙiƙa 10, a mayar, a sake jiran 10, a ɗora yatsa a samanta har farar fitila ta koma ja, a ji ƙara sau uku sannan a ɗaga. Echo Studio ana danne maɓallin rage sauti da na kashe makirufo tare na daƙiƙa 20, amma gogewa kaɗai ba ta isa ba, sai ta karɓi asusunka, don Amazon tana iya toshe wadda aka ce ta ɓata. Era 300 ana riƙe maɓallin Bluetooth ne yayin da ake mayar da wuta, har fitila ta fara walƙiyar ruwan lemo da fari. Bayan haka a bar ta tana kiɗa minti 20 a saurari ko za ta yi ɓas-ɓas ko ta yanke da kanta.

Idan ta shiga gida, a nisanta ta da taga mai rana. Apple ta ƙayyade wa HomePod zafin da bai wuce digiri 35 ba, kuma ranar Maris da Afrilu a Abuja tana haura haka. A zaɓi baƙa, domin farar rigar ragar nan hunturu ɗaya ke mayar da ita ruwan ƙasa. Ƙura a share ta da busasshen tsumma mai laushi, ba ruwan goge gilashi ba, ba injin hura iska ba, kuma idan za a yi tafiya a zare ta daga soket a lulluɓe ta da ɗankwali.